Tabarma a Bayan Motar Glen

Litinin, 12 ga Yuni

Na aika. Shi ke nan, ya tafi, ba ya dawowa.

A cikin bas nake rubutu, muna jiran raɓa ta bushe. Ba a tsinkar lemu yana jiƙe, ɓawon yakan yi tabo. Mu ashirin da huɗu, duk 'yan ƙauye ɗaya daga tsibirin Tanna, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Ba wanda ya san abin da na yi.

Bari in rubuta dalili, don in tsoro ya ci ƙarfina in dawo in karanta. Dokar ƙasar Turawan nan ta ce ko da akwati-akwati ake biyan mai tsinka, kuɗinsa ba zai gaza mafi ƙarancin albashin awa ba. A bangon laburaren garin Mildura, kusa da gonar, na gani, na bi shi da yatsa sau uku. To Glen, ɗan kwangilar da ya kawo mu, ba ya ƙara kuɗi. Awanni yake ragewa. Ka yi tara a kan tsani, ranar Juma'a takarda ta ce shida, lissafi ya yi daidai, ka sa hannu. Zaman raɓar nan ma ban sa shi a ciki ba.

Na ɗauki hoton takardu uku na tura wa ofishin kula da haƙƙin ma'aikata. Ban sa sunana ba. Sunan gonar dai dole.

Laraba, 14 ga Yuni

Shiru. Duk motar da ta shigo gona sai gabana ya faɗi. Ta mai gyaran famfo ce.

Juma'a, 16 ga Yuni

Sa hannu. Biro ya zame min har sau biyu. Abokina Nako yana bayana ya ce, "Lauya, yau ba za ka karanta mana hukunci ba? Yi sauri, ciki na kira." Tun muna yara yake ce min Lauya, wai tunda na koya wa kaina karatu na hana kowa sakat.

Kawu Kapalu ya yi ɗan giciyensa a inda Glen ya nuna masa. Bai ko kalli lambar ba. Kallon ma me zai yi masa.

Shi ne abin da ke cina. Mai gari bai so a sa ni cikin tafiyar nan ba, saboda bakina. Kawu ne ya ɗauko saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a zaman maza, ya ajiye a dandali gaban maza duka, ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. Bakinsa a wuyana." Shekara shida ke nan ƙauyenmu na da gurbi a gonar nan. Guguwar bana ta kwashe rufin kusan kowa, kuɗin kwanon rufin da ake sa rai duk a kan itatuwan nan yake. In aka gane ni, jirgi zan hau. In Glen ya yi fushi sosai, gurbin ƙauyen zan tafi da shi a aljihu.

Na san haka kafin in danna. Na sani mana.

Alhamis, 29 ga Yuni

Ta fashe.

Glen ya hau bas da safe da takarda a hannu, karensa Biskit na biye da shi. A hankali yake mana Turanci, kalma-kalma, kamar mai magana da 'yan raino. Wai ofis ya rubuto, za su turo wata mai bincike ranar ashirin da biyar ga watan gobe. Wai wani a cikinmu ya soke shi ta baya bayan duk alherin da ya yi mana. Wane alheri, kwantenar da muke kwana mu shida?

"Ni ba na korar kowa, abokai," in ji shi. "Amma mutum ɗari biyu na jira a wasu tsibiran. Baɗi ba dole sai Tanna ba."

Sai ya bi mu da ido kujera-kujera. Da ya zo kaina na kafa ido a kan karen. Na ƙirga tabon kunnensa, gashin bakinsa, komai. Ban san lokacin da ya sauka ba.

Na yi amai a bayan layi na sha huɗu. Na ce wa Nako sanyi ne.

Lahadi, 2 ga Yuli

Bayan sujada Dattijo Saimon ya tsayar da mu. Shi ne shugaban tafiya, mai gari ya damƙa mu a hannunsa. Ya ce an ɓata wa mai masauki rai, kuma mun san yadda ake gyara hanya a gida: a kai tabarma da kava da kaza, a ba da haƙuri. In an karɓa magana ta mutu, ba mai sake tono ta, ko a gaban wa. Wanda ya yi laifin shi ke ɗaukar tabarmar. Ya ba shi mako guda ya fito da kansa.

Tabarma! Mutum na yanke mana awa uku a rana, mu ne da ban haƙuri. Da wata rana ce da na tashi na wanke su tas, har Saimon ɗin. Yau ko tari ban yi ba.

Kuskuren ke nan. Muna fita Nako ya dafa kafaɗata. "Ikon Allah. An yi zama guda Lauya bai ce uffan ba. Ko kai ne?" Yana dariya ya faɗa.

Na ce, "Da ni ne da sunanka na sa, da hoton wannan kan naka mai kama da gwanda."

Ya yi dariya. Amma ya ɗan daɗe yana kallona.

Masu iya rubuta Turanci a cikinmu huɗu ne kacal. Huɗu. Ko akuya ta iya wannan lissafin.

Talata, 4 ga Yuli

Akwati biyu da rabi. Ni da nake cika biyar. Almakashi sai cizon ɓawo yake.

Abin da nake ta gani shi ne saukowa daga mota a bakin ƙauye, da jaka ɗaya, mata na tsaye ƙarƙashin tamfol. Ba za su zage ni ba. Da ma za su zaga.

Asabar, 8 ga Yuli

Na shirya zan faɗa wa Saimon. Na je har ƙofarsa, yana wanke safa a bokiti. Ya ɗago. Na tambaye shi ko yana da sabulu.

Litinin, 10 ga Yuli

Jiya ba wanda ya fito. Saimon ya tambaya sau uku. A na uku Kawu Kapalu ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce shi zai ɗauka. Saimon ya ce, "Haba Kapalu, kai da ko sunanka ba ka rubutawa." Kawu ya ce, "Tabarma ba ta tambayar wa ya iya rubutu. Tana dai son hannu."

Na zauna. Na bar shi. Ina rubutawa ne don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya.

Yau da yamma aka kai, a gaban rumfar tara lemu. Tabarmar, matar Saimon ce ta saƙa, wata biyu ta yi a kanta, mai jan geza, ya zo da ita ne ko da wani zai mutu a nan a naɗe shi. Da ƙullin garin kava. Kaza mai rai ba a samu ba, sai ta kanti aka sayo, daskararriya a leda, Nako na riƙe da ita yana canza hannu don sanyi. Kawu ya cire hula, ya sunkuya, ya miƙa da hannu biyu. Mutumin da ya girmi uban Glen.

Glen ya washe baki. "Kai, madalla! Tsaya, tsaya a haka." Ya zaro waya ya ɗauki hoto. Ya ce komai ya wuce, abokai. Ya cilla kayan a bayan a-kori-kurarsa ya tafi.

Saimon ya sauke ajiyar zuciya, ya ce an karɓa, baki ya rufu. Mai bincike in ta zo, amsa ɗaya ce: lafiya lau.

Ya kamata in ji sauƙi. Na tsira ke nan. Ban iya cin shinkafar ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Motar Glen ta tsaya a bakin layinmu da hantsi. Biskit na kwance a baya, a kan tabarmar. Ya tattaka ta da laka, yana tauna gezar.

Almakasai ashirin da huɗu suka tsaya lokaci guda, sai ka ji ƙarar famfon ban ruwa daga nesa. Saimon ya juya baya ya hau tsaninsa, ya yi ta tsinka a reshen da ba kowa a kai.

Na ji kalmomi sun taru a bakina, zafafa, na Turanci ma, waɗanda na koya a jarida. Na haɗiye. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne. In na buɗe baki Glen zai san muryar da ta rubuta.

Laraba, 19 ga Yuli

An haɗa ni layi ɗaya da Kawu. Ina sama yana ƙasa, saboda gwiwa. Can sai ya ce, "Yauko, kwana nawa da kai tabarma?"

Na ce tara.

"Me ya maido?"

Na ce wa?

"Baturen. Ko ƙwayar lemu ya aiko? Ko sigari?"

Na ce babu. Ya ce to. Ya ci gaba da tsinka. Sai kuma ya zaro takardarsa ta Juma'ar da ta wuce daga cikin hula, duk ta yi laushi da gumi. "Karanta min. Ranar Talata nawa ya sa?"

Biyar da rabi.

"Ranar da na zamo daga tsani rana na faɗuwa?"

Ita.

Ya ninke ta ya mayar cikin hula. Bai ɗago ba ya ce, "Jaridun da nake sayowa a garin Lenakel, can gida, don naɗa taba, kullum sai in ga shafi ya ɓace. Shekara nawa ina shan taba rabi-rabi saboda wani ɓarawon yaro. Ka ɗauka ban san hannun da ya yi wannan aikin ba?"

Na rungume reshe. Na ce, Kawu, me ya sa ka ɗauka to?

"Na ce bakinka a wuyana. Ka ɗauka waƙa nake yi? Sauko da jakar nan, ta cika tun ɗazu, kana tsaye kamar jemage."

Asabar, 22 ga Yuli

Saura kwana uku.

Lahadi, 23 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan sujada Kawu ya nemi magana. Ya ce a gida in ka kai tabarma, wanda ya karɓa yakan maido da wani abu, ko ƙanƙane, sannan a sha kava tare, sannan magana ta mutu. Hannu ɗaya ya miƙa, ɗayan bai miƙo ba. Kwana goma sha uku. Ya ce tabarmar ma ba mutum ne ya karɓa ba, kare ne, shi kuwa bai san yana da rigima da kare ba. Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Ya ce saboda haka hanya a buɗe take, kowa na da bakinsa.

Saimon ya ce Bature bai san al'ada ba, ba a kama shi da ita. Kawu ya ce, "To mu ma ba a ɗaure mu da ita ke nan, Dattijo. Ko ta ɗaure biyu, ko ta saki biyu."

Sai na lura Saimon ya ƙanƙame Littafi Mai Tsarki a ƙirjinsa. Ban taɓa tunanin shi ma tsoro yake ji ba. Ya ce, "Ni zan tsaya gaban mai gari in ce na tafi da gurbi na dawo babu. Ni. Ba ku ba."

Ban yanke shawarar tashi ba, na dai ga kaina a tsaye. Na ce ni ne. Ni na aika. Na ga Kawu ya sunkuya a gaban Glen a madadina kuma na yi shiru.

Wuri ya kaure. Wani ya ce ɗan banza mai kan jarida. Wani ya ce 'ya'yansa huɗu na kwana a coci, in zo in karanta musu doka su rufa da ita. Wannan ta shige ni. Nako ya matso ya tsaya kusa da ni yana kallon silin.

Saimon ya ce sunana zai je wa mai gari yau ɗin nan. Ya ce shi ba zai shiga wurin matar ba, amma ba zai tare ƙofa ba.

Kawu ya ce shi zai shiga. Ya nuna ni da haɓa. "Wannan zai zama bakina. Abin da na faɗa, shi za ka juya mata zuwa Turanci. Ka ƙara ko gishiri, in fasa maka kai a gabanta."

Talata, 25 ga Yuli

Ta zo. Misis Petrakis, mai binciken, gajeruwa, da takalmin roba da ya yi mata yawa. Ta sa aka ba ta ɗaki a rumfa, ta ce Glen ya jira a waje. Ya jingina da motarsa yana kallon duk mai shiga. Sai da muka wuce ta gabansa, ni da Kawu. Taku goma sha biyu ne, na ƙirga. "Kai ne ashe, mai wayo," Glen ya ce min a hankali. Kawu ya riƙe min gwiwar hannu kamar shi ne ke neman taimako.

A ciki ta tambayi Kawu yaya ya san awanninsa, tunda ba ya ɗaura agogo. Ya ce motar 'yan makaranta takan wuce mu muna cikin bas. In ta wuce da kamar dahuwar doya, sai a ce mu hau. Takan dawo da yara muna sama. Ba ma sauka sai fararen tsuntsayen nan masu ihu sun koma bakin kogi, lemu ya daina ganuwa. Ya ce kullum haka, sai ranar ruwa. Ta rubuta, ta tambayi lokacin motar, ta ce wannan abu ne da za ta iya bincikawa.

Na juya kalma da kalma. Sau uku "ɓarawo" ta zo min har haƙori. Kawu bai faɗa ba, ban faɗa ba. Abin haushi, maganarsa a haka ta fi tawa duka nauyi. Na ga fuskarta ta canza a wurin dahuwar doya.

Na ba ta littafin nan ta ɗauki hoton shafukan baya, inda nake rubuta awanni. Na rufe na gaba da hannu.

Ta ce doka ta hana a kori mutum don ya kai ƙara. Na ce, ta tilasta a kira mu baɗi? Wannan tambayar tawa ce, na nemi izinin Kawu da ido. Ta ajiye biro. Ta ce ba za ta yi min alkawarin abin da ba ya hannunta ba.

Da muka fito Nako na bakin ƙofa. "Matsa, Lauya, kai kaɗai ka iya shari'a?" Bayansa mutum goma. Har da mai 'ya'ya huɗu, bai kalle ni ba. Saimon na can ƙarƙashin itace shi kaɗai, har aka gama.

Lahadi, 30 ga Yuli

Ranar 'yancin ƙasarmu. An yi laplap, gogaggiyar doya da madarar kwakwa, a tanda, da takardar gasa nama maimakon ganyen ayaba, bai yi daɗi ba amma an cinye. An rera taken ƙasa. Benci na mutum shida, mu uku ne a kai: ni, Kawu, Nako. Glen bai ce komai ba tun ranar. Shirun nan ya fi ihu.

Juma'a, 4 ga Agusta

Takarda ta ce tara. Tara, takwas da rabi, tara. Na karanta wa Kawu tasa sau biyu. Ya ce in nuna masa wace ce taran. Na nuna. Ya ce kamar ƙugiyar kifi ce a kife.

Kuɗin awannin baya kuma sai an gama bincike, wai watanni.

Alhamis, 24 ga Agusta

Mai gonar da kansa ya zo, tsoho mai sanda, ban taɓa jin muryarsa ba sai yau. Ya kira Saimon gefe. Wai Glen ba zai riƙe kwangilar baɗi ba, ofis ya dami mai gonar da wasiƙu shi ma. Amma yana son mutanen Tanna, don ba ma ƙuje masa lemu. A ba sabon ɗan kwangila sunaye.

Saimon ya zauna a kan akwati ya rufe fuska da hula. Mun bar shi.

Lahadi, 27 ga Agusta

An karanta sunayen masu dawowa baɗi. Ashirin da uku. Layi na ƙarshe babu kowa. Mai gari ya aiko cewa maganata sai an zauna a dandali in mun koma: na tsallake shugaban tafiya, na jefa ƙauye a haɗari ban shawarci kowa ba, na bar kawuna ya sunkuya. Biyun farko ina da amsa, doguwa ma, na tsara ta a kaina da lamba ɗaya, lamba biyu. Na ukun ne.

Kawu ya ce shi zai yi magana a dandali, ni in zauna. Na ce to. Nako ya ce a rubuta ranar nan a kalanda.

Har yanzu tsoro nake ji, amma ba irin na da ba. Wannan yana bari in ci abinci.

Na kira Inna da rana. Ta ba ni labarin kwano, an ɗora rabi. Muna shirin sallama na ce ko tana da busasshen ganyen saƙa a ajiye. Ta ce me zan yi da shi, ni da na ce tabarma aikin mutanen da ba su iya karatu ba ne? Na ce tambaya kawai na yi. Sai ta ce tabarma guda nawa.

Na ce biyu. Ɗaya ta Kawu. Ɗaya mai jan geza, ta matar Saimon.

Ta ce wa zai ɗauka ya kai ban haƙurin?

Na ce layin ba kyau, Inna, sai wani makon.